Jirginmu da Malafar Baffa

A shekararmu ta huɗu a jami'a, sashenmu na injiniya ya shiga wata gasa ta ɗalibai. Abin da aka nema shi ne a ƙera ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi, mai farfela huɗu, wanda zai tashi da kansa, ya nemo wata alama da aka shimfiɗa a ƙasa, ya saki kayan da yake ɗauke da su a kanta, sannan ya koma inda ya tashi ya sauka. Ba a yarda kowa ya taɓa rimot ba sai in an ga zai yi ɓarna. Alamar kuwa wani farin zagaye ce mai jan ɗigo a tsakiya.

Mu uku muka haɗu. Ni ne mai haɗa gangar jikin jirgin. Abokina, wani Kirista ɗan Zuru da mahaifiyarsa ke aikin jinya a Wurno, shi ne mai wayoyi da batir. Ta ukunmu 'yar garin Rabah ce, ita ke rubuta manhajar da ke gaya wa jirgin abin da kyamararsa ta gani da abin da zai yi. Ba wanda ya zaɓe ta shugaba, amma tun makon farko mu biyu muka lura duk abin da ta ce shi ake yi.

A makaranta ba mu ji daɗin gwaji ba. Bayan ɗakin gwaje-gwajenmu duk itatuwan dogonyaro ne, jirgin kuwa kamar yana da wata ƙullalliya da su. Da muka karya farfela har muka gaji, hutu kuma ya zo, sai na ce mu tafi fadamar mahaifina kusa da Goronyo, inda fili yake shimfiɗe iya ganinka.

Mahaifina ya yarda, amma ya ce sai mun fara zuwa wurin maigari. Yana da gaskiya. A yankinmu, a 'yan shekarun nan, duk abin da ya yi ƙara a sama sai gaban mutane ya faɗi. Muka ɗauki jirgin a kwali muka je muka durƙusa. Maigari ya juya shi, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ce, "Wanga abu shina ɗaukar mutum?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, ruwan leda guda shika ɗauka."

Ya ce, "To, ai sauro na na ƙarhe." Ya sa aka sanar a masallaci cewa in an ga wani abu na shawagi a fadama, na 'yan makaranta ne.

'Yar Rabah ta sauka a ɗakin ƙannena mata. Abokina kuma kullum da safe sai ya hau babur daga Wurno, da ƙullin ƙosai da mahaifiyarsa ke aiko mana. Muka farke wani farin buhu muka yanka shi zagaye, muka shafa jan fenti a tsakiya, muka danne shi da duwatsu a can ƙarshen gona.

Gonar da ke maƙwabtaka da tamu ta Baffa ce, yayan mahaifina. Mutum ne dogo, marar yawan dariya, wanda ko mahaifina ba ya zama a gabansa sai ya ce zauna. Albasa yake nomawa, kuma ba a taɓa ganinsa a fadama ba malafa ba, wata faffaɗa da rana ta koɗe ta har ta yi fari, da jar fata a ƙoƙuwarta. Ranar farko ya tsaya ya dube mu, ya dubi jirgin, ya ce, "Ku dai kada ku taka min albasa." Ya koma bakin aikinsa.

Kwanakin farko komai ya tafi daidai, har muka fara tunanin inda za mu ajiye kofin gasar. Sai wata safiya, iska a kwance, muka ɗaura ruwan leda, 'yar Rabah ta danna kwamfuta. Jirgin ya tashi ya nufi buhunmu. Ya yi rabin hanya sai ya tsaya cak, kamar wanda ya tuna wani abu, ya juya ya nufi gonar Baffa.

Baffa na duƙe yana buɗe wa fangalin albasa ruwa. Da ya ji ƙara a kansa ya miƙe ya matsa gefe. Jirgin ya matsa. Ya taka zuwa bakin rijiya, jirgin ya bi shi. Ya ƙara sauri, yana tsallake fangali da wani irin zafin nama da ban san yana da shi ba, jirgin na biye.

Ya ɗaga murya, "Kai! Mi niy yi mashi?"

'Yar Rabah ce ta fara ganewa, don ita ke kallon abin da kyamara ke nunawa. Ta miƙe tana ihu, "Baffa, malafar! Cire malafar!"

Baffa ya ji an ambaci malafa, sai ya ɗauka ita abin ke son ƙwacewa. Ya tsaya wuri guda ya riƙe ta gam da hannu biyu. Manhajar kuwa an koya mata ta jira har alama ta tsaya daidai ƙarƙashinta. Kafin in kai hannu ga rimot, ledar ta sauko ta fashe a tsakiyar jar fatar nan, fas! Jirgin ya juyo abinsa, ya zo gabanmu ya sauka a hankali, farfelunsa suka tsaya.

Injin ban ruwa kawai ake ji. Can sai 'yar Rabah ta ce ƙasa-ƙasa, "Amma fa bai taɓa sauka da kyau haka ba." Abokina ya cusa fuskarsa a rigarsa, kafaɗunsa na rawa.

Baffa ya taho, ruwa na ɗiga daga gefen malafa zuwa gemunsa. Muka zube ƙasa. Sai 'yar Rabah ta juya masa kwamfutar ta ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Dubi abin da ya gani." A gefe guda ga hoton buhunmu, a ɗayan ga malafarsa daga sama. Wallahi ko ni ba zan iya bambance su ba.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ashe haka nike daga bisa." Ya sake dubawa, ya ce, "Wanga kore-koren duka albasata ta?" Aka ce tasa ce. Sai ya ƙwala wa mahaifina kira daga can nesa, wai ya zo ya ga yadda gonarsa ta fi ta mahaifina kyau. A nan ne dariya ta kama shi, mu ma muka samu muka saki tamu. Ya goge gemunsa ya ce tun safe dama zafi ke damunsa.

Gyaran ya ci mana sauran hutun. 'Yar Rabah ta ce sai an nuna wa manhajar tarin abubuwa masu kama da alamar a ce mata ba su ba ne, kuma a koya mata alama ba ta tafiya. Mahaifiyata da matan gidanmu suka ɗauki abin da gaske, suka fito da faya-fayai da murafen kwanoni da tire-tire, muka baje su a fili jirgin na ɗaukar hoto. Ranar kasuwar Goronyo muka zaga da waya muna ɗaukar tulin albasa da kwandunan tumatir, masu kaya na tambaya ko saye za mu yi. Baffa da kansa ya aiko da malafar, ya ce a maido mashi kafin azahar.

Gasar a wani gari mai nisa aka yi ta, a filin ƙwallo. Da muka ga jiragen wasu jami'o'in, masu sheƙi, kowanne da akwatinsa, sai namu ya zama kamar an tsinto shi. Girgizar mota kuma ta kwance wata waya a hanya, abokina ya zauna a ƙasa ya liƙe ta da dalma ana ta kiran sunan makarantarmu. Jirgin ya tashi, iska ta ɗan tura shi, ya gyara, ya saki kayansa a gefen farin zagayen, ba a tsakiya ba. Ya dawo ya sauka lafiya. Mun zo na uku. Mun yi tsalle fiye da waɗanda suka zo na ɗaya.

Da na kira gida, mahaifina ya yi hamdala, ya sa mana albarka, sannan ya ce, "To, shina iya korar tsuntsaye ga shinkahwa?"

Da shinkafa ta fitar da kai muka aro jirgin daga sashe muka gwada. Ranar farko tsuntsayen suka watse kamar an jefa musu dutse, mahaifina har da tafi. Kafin mako ya zagayo sun gane ba ya cizo. In ya zo sai su koma gonar maƙwabci su jira batir ya ƙare, su dawo. Muka mai da shi makaranta, mahaifina ya sake ɗaura gwangwanayensa na korar tsuntsaye a igiya, ni kuma na karɓi jan igiyar har aka yi girbi.