Ranar da Na Kwaikwayi Kaina a Gaban Mahaifiyata

Shekarun baya can, zamanin da soja ke mulki ana ta shelar a tsuke bakin aljihu, ina aikin duba-gari a Ikara. Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Hunkuyi. Matata da 'ya'yana suna can tare da mahaifiyata, ni kuwa sai ƙarshen mako nake shiga motar kasuwa in je in gan su. Zan ba ku labarin a jere yadda ya faru, domin ban iya ba da labari ta wata hanya ba.

Da farko sai kun san irin gidan da na fito. Danginmu mutane ne masu ban dariya, kuma da kwaikwayo aka san su. Idan tsoho ko tsohuwa ta rasu a gidanmu, ranar sadakar bakwai, bayan maza sun yi addu'a sun watse, sai jikoki su shiga ɗakin mamacin su sa tufafinsa. Su fito tsakar gida suna yin tafiyarsa, da tarinsa, da irin faɗan da yake yi. Mata su yi ta dariya suna share hawaye. A wurinmu sai an yi wannan ake jin an sallami mutum. Amma tsofaffi kawai ake yi wa. Wanda ya tafi da ƙuruciyarsa ba a yi masa.

Ni kaɗai na fita zakka a gidan. Tun ina yaro ba ni da fara'a, kuma aikin leƙa randunan mutane da masansu bai ƙara mini ita ba.

Abu na biyu da ya kamata ku sani shi ne, ni ne ɗan fari. Mahaifiyata mutumiyar da ce, tana kunyata yadda iyayenmu na lokacin suke yi. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallon fuskata, ba ta yi mini magana kai tsaye. Idan na dawo daga Ikara na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa tana kallon murhu. Idan an gama abinci sai ta ce wa matata, "A ce wa wancan tuwonsa na ɗaki." Ban taɓa jin haushi ba. Haka na taso na gani.

Ƙanena kuwa shi ne auta, kuma duk maganar da ba ta yi da ni ba, da shi take yi. Ya yi aiki a wata masaƙa a Kaduna, aka rage ma'aikata, ya dawo gida da jaka ɗaya ya kama noman rake da dafa mazarƙwaila. Ranar da ya dawo na zaunar da shi ina yi masa nasiha a kan tattali, sai ya ce, "Yaya, an ce a tsuke bakin aljihu. Ni aljihun ma na sayar da shi tare da rigar."

Yana iya kwaikwayon kowa, amma abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne ni. Sai ya kifa ƙwarya a ka a matsayin hulata ta aiki, ya matse karan dawa a hammata, ya kumbura kumatu, ya shigo tsakar gida yana taku ɗai-ɗai.

"Salamu alaikum, masu gida. Na ɗaya, randa." Sai ya ɗaga faifan randa da karan, ya leƙa, ya girgiza kai. "Na biyu, wannan akuya wa ya ba ta izinin zama a nan? Na uku, tsohuwar nan an share ta kuwa yau?"

Mahaifiyata ta riƙa dariya har ta kwanta a tabarma, tana jifansa da ludayi tana cewa, "Ɗan nema, Allah ya shirye ka!" Ni kuwa in ɗaure fuska in ce, "Kai ba ka da aikin yi ne?" Ya ƙame ya ce, "Na huɗu, ba ni da aikin yi, gwamnati ta karɓe."

A kakar shekarar da zan ba ku labari, yana sharar ganyen rake a fadama, maciji ya sare shi a ƙafa. Ranar Asabar ce, ina gida. Muka ɗaure ƙafar muka kai shi wani ƙaramin asibiti. Malamin asibitin ya buɗe mana kabad ɗin magani da kansa don mu gani da idonmu. Babu komai ciki sai kwalabe wofi da auduga. Ya ce mu yi Zariya. Wani maƙwabcinmu Kirista mai akori-kura ya bi gida-gida yana haɗa ɗan man da zai kai mu, domin a lokacin mai ma sai an sha wuya. Kafin mu tashi, jini ya fara fito wa ƙanena ta dasashi.

A bayan motar kansa yana kan cinyata. Ya buɗe ido ya dube ni, ya ce da wata ƙaramar murya, "Yaya, na ɗaya, kada ka ci macijin nan tara. Shi ma yunwa yake ji." Na ce masa ya yi shiru ya riƙa salati. Ya yi salatin. Ba mu kai Zariya da shi ba.

Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki, aka yi sadakar bakwai. Ba wanda ya taɓa tufafinsa, domin yaro ne, ko aure bai yi ba. Mutane suka watse, gida ya yi tsit.

Mahaifiyata ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya. Ta shiga ɗakinta ta zauna ta fuskanci bango. Idan matata ta kai mata tuwo, sai ta ture kwanon da bayan hannu. Kunu ma haka. Ruwa kawai take kurɓa, shi ma sai za ta yi alwala. Sallarta ba ta wuce ta, amma daga baya a zaune take yi, don ƙafafun sun daina ɗaukarta. Na ɗauki hutu a ofis na zauna a gida, ina kallon wuyan hannunta yana sirancewa.

Na bi abin bisa tsari, yadda na saba. Na karɓo rubutu wurin malamin unguwa, ta ƙi sha. Na kawo mai allura daga Hunkuyi, ta ɓoye hannunta cikin zane. Daga nan na durƙusa a bakin ƙofarta, labule tsakaninmu, na yi mata bayani a kan haƙuri da ƙaddara, dalili bayan dalili. Ba ta amsa ba. Abin da ya fi damuna shi ne, dama can ba ta amsa mini, don haka na kasa gane ko baƙin ciki ne ya rufe mata baki ko kunyar da ta saba ce.

Ana haka sai taubashiyata, 'yar goggona da ke aure a Kudan, ta zo dubiya. Tsakanina da ita akwai wasa tun muna yara, ko da yake ita kaɗai take yin wasan. Ta shiga ɗakin ta fito, ta same ni a zaure.

"Sarkin shara," in ji ta, "zama za ka yi kana wa'azi ta bayan labule har ta bi shi?"

"Me kike so in yi? Duk abin da ake yi na yi."

"Ba ka yi ba. A gidan nan wa aka taɓa binnewa ba a yi masa dariya ba? Ba a sallame shi ba, shi ya sa ta ƙi sakinsa."

"Yaro ne. Ba a yi wa yaro."

"To sai ka ci ni tara."

Ta ɗauko rigar ƙanena ta gona, wadda ruwan rake ya daskare a jiki, ta sa a kan zaninta. Ta shiga ɗakin tana rangaji tana fito da baki. Ina bakin ƙofa ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage. Mahaifiyata ta juyo a hankali ta dube ta, sannan ta mayar da kai ga bango.

"Ba haka yake ba," in ji ta. Maganarta ta farko ke nan tun ranar jana'iza. Muryar ta dushe. "Shi ba shi da tafiyar kansa. Kullum tafiyar wani yake yi."

Taubashiyata ta tsaya da riga a jiki. Can sai mahaifiyata ta ce, "A ce wa wancan ya shigo."

Na shiga na durƙusa. Ta juyo gaba ɗaya, ta dubi fuskata, abin da ban taɓa gani ta yi ba tun da na yi wayo.

"Kai," ta ce. "Yi mini duba-gari."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Inna, ai ni ne duba-garin."

"Na sani. Yi mini yadda yake yin ka."

Ni magidanci ne a lokacin, mai 'ya'ya, wanda mahauta ke ɓoye nama idan sun hango shi. Amma na fita na zaro kara daga dangar gida, matata ta miƙo mini ƙwarya tana kawar da kai, na kifa a ka. Na dawo na tsaya a gaban tulun da ke ɗakin.

"Salamu alaikum, masu gida. Na ɗaya, randa."

"A'a," in ji mahaifiyata. "Kumbura kumatun. Ɗaga haɓa. Kuma kafin ka yi magana kakan ja numfashi ta hanci kamar ka ji wari."

Ban san ina yin haka ba. Na yi yadda ta ce. Taubashiyata ta toshe baki da rigar.

"Na biyu," na ce, sai na tsaya, domin akuyar an sayar da ita an yi hidimar makoki. Na rasa abin da zan nuna da karan.

"Wuce," in ji ta. "Tsohuwar fa?"

Na ja numfashi ta hanci, na nuna ta da kara. "Na uku, tsohuwar nan ta sha kunu kuwa yau?"

Wani sauti ya fito mata kamar tari. Sai da ya sake fitowa na gane dariya ce. Ta yi ta har ta riƙe ƙirji, daga nan dariyar ta juye ta zama kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka kawo gawa. Ina tsaye da ƙwarya a ka, ban san ko in cire ba. Da ta lafa sai ta ce, tana kallon tabarma, "Ni ban taɓa ƙare maka kallo ba sai a jikinsa. Da aka ɗauke shi, ku biyu aka ɗauke mini."

Matata ta kawo kunu. Ta sha ludayi kaɗan.

Na zaci mun ci nasara. Na koma aiki, kuma duk ƙarshen mako idan na zo sai in ɗauki kara da ƙwarya in shiga ɗakinta. Da farko takan yi dariya. Daga baya murmushi. Daga baya sai ta gyaɗa kai kawai. Tana cin abin da zai riƙe rai, ba ta ƙarawa. Ba ta sake fita tsakar gida ta zauna ba, kuma ba ta sake kallon fuskata ba. Wata rana na shigo da kayan wasana, sai ta ce wa matata, "A ce masa ya bari. Yana ƙoƙari, amma bai iya ba." Na ajiye karan.

Ta yi kamar shekara uku a haka, sannan ta rasu da damina.

Ita tsohuwa ce mai jikoki, don haka wasa ya wajaba. Ranar sadakar bakwai mata suka taru a tsakar gida, taubashiyata ta tura 'yata ta fari cikin ɗakin. Yarinyar ba ta wuce shekara bakwai ba, sauran jikokin duk ƙanana ne. Ta fito da zanen kakarta yana jan ƙasa, da mayafi a ka. Muna jira mu ga jifan ludayi, ko mu ji "Allah ya shirye ka". Sai ta nufi gindin katanga, ta zauna, ta ba mu baya. Wata ta tura mata kwano, ta ture shi da bayan hannu.

Mata suka fashe da dariya, domin ta yi daidai, har yadda take sunkuyar da kafaɗa. Dariyar ba ta yi nisa ba ta mutu. Yarinyar ta daɗe a zaune, sannan ta waiwayo ta ce, "Baba, na iya?"

Na ce, "Kin iya."

Ba a sake yin wannan wasa a gidanmu ba. Ba wanda ya hana, ba wanda kuma ya sake tayar da zancen.

Yanzu na tsufa, na bar aiki, 'yar tawa ma tana da jikoki. Wasu suna cewa al'adar ba ta dace ba, ni ba na musu da su. Abin da na sani shi ne, a gidanmu dariya ce hanyar da muke faɗa wa juna abin da kunya ta hana mu faɗa, kuma mutum ɗaya ne yake ɗauke da yawancinta. Da ya tafi, na gwada riƙe ta da iyakar ƙarfina, ta ba mahaifiyata 'yan shekaru, ba ta dawo mana da ita ba. Na ga matar nan tana dariya har tana kwanciya a tabarma sau ba adadi. Amma har yau idan na rufe ido don in tuna ta, bayanta nake fara gani.