Ƙadangaren Iya da Tulun Murya

A gidanmu na unguwar Ali Kazaure, sanyin Jos ne ke tara mu, ba ladabi ba. Da an idar da sallar magariba kakarmu, Iya, za ta hura gawayi a kasko, ta binne dankali a toka, mu kewaye ta muna ture juna.

"Ku matso, ga wata nan tafe," haka take buɗewa, "wanda ya yi gyangyaɗi ba shi da dankali."

Wadda na fi so ita ce ta yarinyar da iska ta sace muryar uwarta, ta ɓoye a wani kogon dutse cike da tuluna. Kowane tulu da ƙarar da ke ciki, wannan tsawa, wancan kukan jaki. Duk wanda ya shiga nema sai ya yi ta buɗewa ɗaya bayan ɗaya har ya tsufa a ciki. Ita kuwa yarinyar sai ta roƙi ƙadangaren da ke zaune a bakin kogon. Ta faɗa masa abin da take nema, ya ruga ya hau kan tulun yana gyaɗa kai.

"Ba ta fi su ƙarfi ba," in ji Iya. "Ta dai san wa za ta tambaya."

Yau aikina haɗa sauti a wani ɗan shago kusa da kasuwar Terminus. Akwai harshen kwamfuta da ake rubuta umarni da shi, sauti ya bi. Littafin bayaninsa a intanet kuwa kogon nan ne sak. In na manta aikin kalma ɗaya, kafin in gano shafinta na manta abin da ya kai ni.

Bara Umma, mahaifiyata, ta kwanta ciwo. Wata rana ta ce min, "Ni fa na manta muryar Iya." Maganar ta tsaya min a rai. Muna da tsohon kaset guda na tatsuniyar Iya da kawuna ya ɗauka ana ruwa a kan rufin kwano, ba ka jin komai sai shuu. Na sa shi a kwamfuta na yi ta fama, jikin Umma kuma kullum baya yake yi.

Sai wata abokiyar aikina, Nanret, ta ga ina ta jujjuya shafuka.

"Oga, kana wahalar da kanka," ta ce. Ta liƙa min wata 'yar manhaja a burauza, inda nake buɗe shafukan intanet. Ka zaɓi kalma, ka danna, bayaninta da misali su fito a gefe nan take. Na tuntsire da dariya, don na gane shi. Ƙadangare ne.

Da shi na bi umarnan tace ƙara, ina gwadawa ina saurare, har ruwan ya ja baya. Na kai wa Umma, na kunna a gefen gadonta. Ana tsakiyar tatsuniya muryar Iya ta katse labarin da faɗa: "Ke Binta, dankalin nan ƙonewa yake!"

"Na'am, Iya," Umma ta amsa, har tana yunƙurin tashi. Sannan ta yi ta dariya da hawaye, ta ce in maimaita.

Ban taɓa jin daɗin aikina kamar ranar ba. Ina yaro na ɗauka labarin wayon ƙadangare ne. Sai da na girma na lura Iya ba ta taɓa ba mu labarin sauran tulunan ba, don yarinyar guda ɗaya ta je nema, kuma ta kai shi gida uwarta na da rai.