Ranar da Layi Ya Karkace wa Kawu

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyinku. Ga gwanin gwanaye, uban mahaɗa, mai sa layi ya rusuna, wanda ɗigo ba ya zama a takarda sai da izininsa. Ga Kawu, yayan mahaifiyata, mai kujerar ƙarshe a ɗakin baya na maɗaba'a, dab da banɗaki, inda iskar fanka ba ta kaiwa.

Aikinsa zanen littattafan fiziks. Malamai su aiko da rubutu da ɗan zanen da suka yi a gurguje, kamar kaza ta taka tawada, shi kuma ya mayar da shi abin kallo a kwamfuta. Zanen kansa ba wani abu ba ne: layi biyu su taho su haɗu a ɗigo, wani layi mai tafiyar maciji ya fita daga nan ya je wani ɗigon, sai biyu su sake rabuwa. Wai ƙwayoyin da ido ba ya gani ne suke karo. Miƙaƙƙen layi wata ƙwaya ce, mai lanƙwasa wata daban, in ka musanya su ka yi wa ɗalibi ƙarya.

Kwamfutar ta iya ajiye mahaɗan, wato ɗigon da layukan ke haɗuwa, da kanta. Kawu dai bai taɓa yarda da ita ba. Cewa yake ba ta da kunya, za ta buɗe kusurwar sama kamar mai hamma, ta matse ta ƙasa. Saboda haka kowane ɗigo da hannunsa yake dasa shi, ya matsa shi hagu kaɗan, ya ja baya da kujera, ya runtse ido ɗaya, ya dawo ya sake matsawa. Tun yana da baƙin gashi yake wannan rawar, har kujerar ta ɗauki siffarsa. Ita yake tsoron rasawa, don bai iya wani aiki ba, a gida ma ko ƙusa ya buga sai matarsa ta cire ta sake.

Wata safiya ya buɗe zane ya ga layin hagu ya yi ciki a tsakiya. Ya zagi kwamfutar, ya gyara. Na gaba ma haka. Ya bi littafin kaf yana miƙar da layukan da tun asali a miƙe suke, yana ture mahaɗai daga mazauninsu, yana jin daɗin ya kama na'ura da laifi. Bai gaya wa kowa ba. Aka buga gwaji aka kai wa Manaja.

Manaja ya shigo ɗakin baya da takardun, abin da ba ya yi.

"Dattijo, wannan fa? Zanen nan kamar ya sha wani abu."

Kawu ya karɓa ya duba. "A miƙe yake."

"Wanne?"

"Duka."

Manaja ya ɗora rula a kan layin. Kawu ya duba, ya ga rular ma ta lanƙwashe. Ya ɗaga kai ya kalli ƙofa, gefenta ya yi doro. Ya rufe idon hagu, sai fuskar Manaja ta ɓace daga tsakiya, saura kunnuwa da wuyan riga. Ya ajiye takardar a hankali kamar mai zafi.

Likita ya ce tsakiyar idon ce take lalacewa, ɗayan ma ya kama hanya, tabarau ba ruwansa da wannan. Kawu ya koma ya roƙi Manaja ya bar shi ya yi aiki da lamba kawai, ya rubuta wurin kowane ɗigo da digirin kowace kusurwa ba tare da ya kalli allo ba. Aka bar shi ya gwada. Lambobin ma suka fara narkewa, uku ta zama takwas, wata mahaɗa ta fice daga shafi gaba ɗaya. Daga nan aka ce a bar kwamfuta ta riƙa ajiye ɗigonta yadda ta ga dama. Littattafan suka fita, malamai ba wanda ya yi ƙorafi. Wannan ya fi ciwon idon ci masa rai.

Ba a kore shi ba. An ba shi benci a ɗakin naɗi, yana ninke takarda da laluben yatsa, kujerarsa kuma an ɗora mata kwalaye.

Can na same shi, na tsaya a gabansa ina cika baki. Na ce, "Kawu, yau sai na shiga wajen Manaja na gaya masa zanen na'urar nan ba ya da rai, naka kuwa har magana yake. Su mayar maka da kujerarka ko a yi ta."

Ya karkata kai gefe, don ta gefen ido yake ganin mutum yanzu, ya ci gaba da guga bakin takarda da farce.

"Nata a miƙe yake," ya ce. "Matsa, ka tare min haske."