Tafiyar Babaji Haɗeja

Shekara ashirin da uku Babaji ya yi yana gyaran babur a wata rumfar kwano kusa da Ƙofar Guga a Katsina. Ba shi da yawan magana. In ka kawo masa mashin ba ya tambayarka abin da ke damunsa, sai dai ya ce ka tayar, ya karkata kai ya saurara, sannan ya ɗauko sifana. Babura ba adadi sun bi ta hannunsa, amma shi kansa bai taɓa hawa ya wuce Dutsin-Ma ba. Daga gida sai rumfa, sai masallaci.

Ƙanensa Ja'afaru kuwa ƙafarsa ba ta zama. Malamin firamare ne, ya sayi wani babban babur na hannu, ja, duk hutun makaranta yana kan hanya. Shi ya buɗe wani zaure a WhatsApp mai suna Zumuntar Mahaya, mutum sama da ɗari biyu daga garuruwa daban-daban, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba. Kullum da safe sai ya tura musu saƙon murya, ya gaishe su, ya tsokani wannan, ya tambayi jikin mahaifiyar wancan.

"Ka zauna kana ta surutu da mutanen da ba ka san ko fuskarsu ba," in ji Babaji.

"Yaya, ai kai ma ba fuskar inji kake dubawa ba," Ja'afaru ya ce yana dariya.

Ciwon ƙoda ya kwantar da Ja'afaru wata biyar, ya rasu a farkon damina. Babaji ne ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Ya zauna kan tabarma kwana uku yana amsa gaisuwa, idonsa a bushe. Mutane suka yi ta yaba tawakkalinsa. Shi dai ya san ba tawakkali ba ne. Jinsa yake kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ko an tsikare ta ba ta ji. Ran na huɗu ya buɗe rumfa.

Da matar mamacin ta gama takaba za ta koma gidan iyayenta, sai ta aiko masa da makullin babur da wayar Ja'afaru. Ya jingine babur ɗin a zaure ya rufa masa buhu. Wayar kuwa ta yi ta ƙara a aljihunsa, bai buɗe ko saƙo ɗaya ba.

Ana cikin kaka wani mutum mai suna Mahmud ya zo rumfar. Ma'aikacin gwamnati ne, shi ke riƙe da zauren WhatsApp ɗin tun bayan rasuwar. Bayan doguwar gaisuwa ya ce tun yana gadon asibiti Ja'afaru ya tsara musu tafiya, daga Katsina zuwa Haɗeja, a riƙa tsayawa ana ganawa da 'yan zaure na kowane gari.

"Mun ce ba za mu fasa ba, Malam Babaji. Kuma gaskiya muna bukatar makanike a cikinmu."

Babaji bai ɗago daga sarƙar da yake ɗaurewa ba. "Yaushe za ku tahi?"

"Asabar mai zuwa."

"To."

Matarsa Furera ta tsaya da muciya a hannu da ya faɗa mata. "Haɗeja? Kai, Malam? Mi za ka yo can?"

"Sun ce suna son makanike."

Babaji ya fito da babur ɗin Ja'afaru, ya juye baƙin mai, ya sake filogi, ya ɗaure akwatin kayan aiki a baya. Hular kwanon Ja'afaru ta ɗan matse shi, haka ya sa ta.

Babura tara suka fita bayan an karya kumallo. A hanyar Daura dawa ta yi kai, gero an daɗe da yankewa, ga ɗaurinsa jingine a gonaki. Sauran suna ta danna ham suna ɗaga wa mutane hannu. Babaji na can baya, kunnensa na kan injinan da ke gabansa. Kafin su kai Mashi ya riga ya san wanda kabiretarsa ke shan iska.

A Daura mutum shida suka tarbe su ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Da Mahmud ya ce ga yayan marigayi, sai suka yi layi. Kowa ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya yi addu'a, ya ba da labarin wani abin da Ja'afaru ya taɓa faɗa. Babaji yana cewa amin, idonsa na kan tayar wani daga cikinsu da ta cinye har zare ya fito.

A Kazaure wata mai sayar da abinci, Hajiya Sabuwa, ta shirya musu tuwo. Mijinta ne ɗan zauren, amma ita ma kullum tana jin saƙon safiya a wayarsa. Babaji ya yi sallama, sai ta ajiye ludayi ta juyo da sauri.

"La ilaha illallahu. Malam, sake magana."

"Ina wuni, Hajiya."

"Muryarsa ce sak. Har wannan harshen naku na Katsinawa." Ta ja gefen mayafi ta rufe fuska.

Babaji ya tsaya yana kallonta tana kuka a kan ƙanensa, matar da ba ta taɓa ganinsa ba. Ya laluba cikin ransa ko zai sami abin da zai taya ta da shi, bai samu ba. Ya zauna ya cinye tuwon, ya wanke hannu, ya je ya gyara kabiretar nan.

Suka kwana Gumel, da hantsi suka shiga Haɗeja. Mahmud ya ce akwai wanda ba zai iya fitowa ba, su za su je masa. Sunansa Nu'uman, tsohon ɗan acaɓa ne, mota ta buge shi shekara huɗu da suka wuce, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya motsi. Suka same shi a zauren gidansu kan katifa. Bayan an gaisa an ɗauki hotuna, sauran suka fita kallon kasuwar kifi, Nu'uman ya ce Babaji ya zauna.

"Duk Juma'a bayan la'asar sai Ja'afaru ya kira ni," in ji shi. "Shekara uku. Har yana asibiti bai fasa ba, sai makon ƙarshe."

"Mi kuke cewa?"

"Rabin hirar kai ne. Ya ce kai ka bar makaranta ka kama sifana don shi ya yi karatu."

Babaji ya ce, "Ba haka aka yi ba. Ni karatun ne ba ya shiga kaina."

Nu'uman ya yi dariya har da tari. Ya ɗauko waya ya ce yana da muryar Ja'afaru, saƙonni sun fi ɗari, ko ya sa masa ɗaya?

"Bari dai."

A lungun zauren akwai keken guragu mai feda ta hannu, ƙura ta rufe shi. Babaji ya tambaya, aka ce sarƙar ce ta tsinke tun bara, gatarin tayar kuma ya lanƙwashe. Ya fita ya kwanto akwatinsa. Awa biyu ya yi a durƙushe. Da ya gama ya kira maƙwabta biyu suka ɗora Nu'uman, ya murza ya fita ƙofar gida, ya kai bakin layi ya juyo, yana ta kiran sunayen mutanen unguwa. Babaji ya goge hannu da tsumma yana sauraren sarƙar. Ba ta ƙara.

A hanyar dawowa, bayan sun wuce Malam Madori, ya sauka gefen titi ya kashe inji. Ya cire hular ya tsaya kusa da wata gonar riɗi, yana jira ko yanzu kukan zai zo masa. Iska na kaɗa karan riɗi, wata tirela ta wuce. Mahmud ya juyo ya dawo.

"Lafiya, Malam Babaji? Mashin ɗin ne?"

"Lahiya lau."

Ya sha ruwa, ya mai da hula, suka ci gaba.

Ran Litinin da la'asar ya shiga gida, ya miƙa wa Furera ƙunshin busasshen kifin da Nu'uman ya matsa masa ya karɓa.

"Ya hanya, Malam?"

"Da nisa."

Ta jira ko zai ƙara, sai ya nemi ruwan wanka.

Juma'ar da ta biyo baya, bayan la'asar, wayar Ja'afaru ta yi ƙara yana tsakiyar kwance wani inji. Nu'uman ne. Suka gaisa, ya tambayi iyali, Babaji ya tambayi keke, Nu'uman ya ce jiya har masallaci ya kai kansa. Daga nan magana ta ƙare musu. Nu'uman ya ce sai wata Juma'ar.

Tun daga lokacin Nu'uman bai fasa kira ba. Hirar ba ta cika wuce minti uku ba, wani lokacin ma Babaji yakan maƙale wayar a kafaɗa yana ci gaba da aiki. Amma in la'asar ɗin Juma'a ta yi, masu kawo gyara sun lura yakan wanke hannunsa da kananzir ya goge, ya ajiye wayar kan benci kusa da shi.