Dakta Munawwara da Injin Ɓare Gyaɗa

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 2025, Allah Ya karɓi ran malamarmu, Dakta Munawwara Sulle Karaye, bayan jinya a Kano. An yi jana'izarta a mahaifarta Karaye.

Dakta, ni ne Nasiru, ɗalibinki na Rogo. Da kika ajiye koyarwa a jami'a, kowa ya ɗauka hutawa za ki yi. Sai kika dawo gida kika tara mu, matasan da muka gama karatu muke zaune a inuwa muna gyara Najeriya da baki. Kika ce za ki koya mana bincike, irin wanda ake kai wa masu tsara manufofin gwamnati, don su san abin da matashi yake bukata idan ya ƙirƙiro wani abu ko ya kafa sabon kamfani. Yawancinmu mun zo ne da zaton za a raba kwamfuta. Da muka ga ba a raba ba, kunya ta hana mu tashi, kuma wannan kunyar ita ta yi mana rana.

Ba zan manta da kofin shayinki ba. Kin ce babban mutum ba ya ba mai bincike lokacin da ya wuce na shan shayi, saboda haka duk wanda ya miƙe yin bayani sai ki zuba kofi ɗaya, in ya ƙare bayani ya ƙare. Abin da ba ki faɗa mana ba shi ne, ke da zafinsa kike shanyewa. Ranar farko ina tsakiyar gaishe da mahalarta kika kife kofi, kika ce Allah Ya yi albarka, na gaba ya taso.

Kin hana mu rubuta komai sai mun je mun gani. Haka muka riƙa hawa acaɓa zuwa Kafin Dafga da Fulatan. A Fulatan muka haɗu da Ƙasimu, wani matashi mai walda da ya ƙera injin ɓare gyaɗa mai aiki da batirin sola. Manoma suna so, amma babu inda za a gwada masa shi a ba shi shaida, kowane ofis ya je sai a tura shi wani. Mun same shi yana shirin kwance injin ya sayar da ƙarafan ya tafi kudu neman aiki. Kika roƙe shi ya dakata, mu kuma kika baza mu nemo matasa irinsa, muka same su da yawa.

Da aka gayyace mu Kano gaban wani kwamiti mai tsara daftarin manufa kan ƙirƙira da sababbin kamfanoni, kika dage sai an tafi da injin. Aka ɗaure shi a saman bas. Ikilima, wadda ta fi mu iya taƙaita magana, ta yi bayani ta nemi a samar da wurin gwaji ga masu ƙirƙira na karkara. 'Yan kwamitin suna ta duba wayoyinsu. Sai kika yi wa Ƙasimu alama ya kunna.

Ashe jijjigar hanya ta juya bututun da ke fitar da ɓawo. Injin ya yi aikinsa tsaf, gyaɗa ta zuba a kwano, ɓawo kuwa ya yi feshi a kan farar babbar rigar shugaban kwamitin, har cikin aljihu. Ƙasimu ya durƙusa, ni kuma na fara duban ƙofa. Ke ko gezau.

"Ranka ya daɗe," kika ce, "ka ga abin da muke roƙo ke nan. Da akwai wurin gwaji, ba a kanka za a fara gwadawa ba."

Shugaban ya daɗe yana kakkaɓe hula, sannan dariya ta ƙwace masa. Ya ce a rubuta shawarar a daftari kafin mu kawo injin niƙa. Ƙasimu bai tafi kudu ba.

Maigidanki, Alhaji Abdullahi, ya shaida mana wurin zaman makoki cewa ko a gadon asibiti ba ki huta ba. Kin tsare ma'aikatan jinya da tambayar dalilin da ya sa ba a ƙera ƙarfen rataye ledar ƙarin ruwa a nan gida, har suka riƙa turo juna in za a shiga ɗakinki. Muka yi dariya a gidan rasuwa, shi ma ya yi, sannan ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba.

Wata mai zuwa za a sake zama kan daftarin, kuma mu kaɗai za mu je. Muna jin tsoro, Dakta, amma za mu je.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa ilimin da kika bari ya riƙa kai miki lada. Muna miƙa ta'aziyya ga Alhaji Abdullahi, da 'ya'yanki Adama da Kabir, da dukan dangi da mutanen Karaye da Rogo. Allah Ya ba su haƙuri, mu ma Ya ba mu, Ya kyautata namu ƙarshen.

Nasiru Bappa Rogo