Hoton da Marka Ta Kau da Kai

Duk wanda ya girma a Tambuwal, in dai yana da hoton yarinta, ya juya bayansa ya duba, da wuya ya rasa hatimin Arzika Mai Hoto. Siririn mutum ne mai kunnuwa a tsaye, kuma Allah ya zuba masa son sanin yadda abu yake aiki. Tun yana saurayi aka daina ba shi aron rediyo, domin kafin la'asar ya kwance shi, ya baje kayan cikinsa a tabarma yana neman ta inda maganar take fitowa.

Shekarar da aka yanko Jihar Sakkwato kuɗin mai sun shigo ƙasa, kowa yana sayen abin da ransa ya daɗe yana so. Tsaransa suka sayi agogo da babur. Shi kuwa, yana lebura a aikin titi, ya tafi Sakkwato ya dawo da kyamara a wuya. Ya samo labule mai zanen jirgin sama, da kujerar ƙarfe, da furen roba, ya riƙa ɗaure su a bayan keke yana bin kasuwanni har Dogon Daji da Kebbe. Da zamani ya juya, waya ta shiga aljihun kowa, abokan sana'arsa suka rufe shaguna. Arzika bai rufe ba. Ya sayi tsohuwar kwamfuta, 'yarsa Zahara'u da ke aiki a Sakkwato ta koya masa haɗa bidiyon biki, ya zauna da gemunsa fari fat yana jan linzamin kwamfuta kamar da shi aka haife shi.

Wata Talata da hantsi wata mata ta yi sallama a shagon. Ta ce sunanta Saudatu, malamar firamare ce a Kebbe. Ta buɗe littafin rubutu ta ciro hoto baƙi da fari, bai kai tafin hannu ba. Wata matashiya ce a kan kujerar ƙarfe da jaririya a cinya, amma ta kau da kai gefe, kamar an aza mata 'yar maƙwabta.

"Baba, kai kad ɗauki wanga hoto?"

"Labulen dai nawa na," in ji Arzika. "Matar kam ban tuna ta ba."

"Innata ta, Marka. Ta rasu da damina. Ni ta ɗiyar."

Bai tambaye ta ko 'yar fari ce ba, hoton ya riga ya faɗa masa. Ya ɗauki irinsa ya fi ɗari. Mace ba ta kallon ɗanta na fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta san da zamansa. Kunya ce, kuma wadda ta fi kau da kai ita ake yabo. A farkon sana'arsa yakan roƙe su su dubi yaron ko sau ɗaya, har ya gane ɓata bakinsa yake yi.

Saudatu ta ce a hannun kakarta ta tashi. Shekara arba'in da shida, ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba, sai "waccan yarinya". Ta san al'ada ce, ita ma tana gaya wa kanta haka, amma abin yana ci mata rai, kuma tun rasuwar ya ƙaru.

"Na gani ga wayar wata malama, an sa hoton tsoho ya motsa. Shi nika so, Baba. Ka sa ta juyo ta dube ni. Sau guda ya isa."

Arzika bai taɓa yin irin wannan aiki ba, kuma abin da ya sa ya karɓa ke nan. Ya ce ta dawo ranar Asabar.

Ya kira Zahara'u, ta ce manhajar da yake haɗa bidiyo da ita ba ta iyawa ita kaɗai, sai an girka mata wani ƙari mai motsa hotuna, ta turo masa inda zai sauke. Sabis a shagonsa sai a hankali. Ya ɗauki kwamfutar ya koma gindin dogon yaro kusa da ƙarfen sabis, ya zauna a cikin masu sayar da rake. Sau biyu abin yana dab da gamawa ya yanke. A na uku ya sauka. Ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya, ya sa fayil ɗin inda aka ce, ya duba cikin manhajar, babu ƙari babu alamarsa. Tsohon hali ya motsa, har ya jawo sukudireba zai buɗe cikin kwamfutar, sai ya tuna Zahara'u ta ce a rufe manhajar a sake buɗewa. Ya yi hakan, sai ga shi a jere da sauran. Ya mayar da sukudireba aljihu, kuma gaskiya bai ji daɗin mayarwar ba.

Da hoton fasfo ɗinsa ya fara gwaji. Ana ɗiga alama a goshi, da hanci, da haɓa, da gefen kowane ido, sannan a ja kibiya zuwa inda ake so kai ya juya. Hoton ya juyo ya kashe masa ido ɗaya. Arzika ya ce shi bai taɓa yi wa kowa wannan rashin ta-ido ba, amma ya sake kunnawa har sau bakwai.

Sannan ya sa hoton Marka a sikana, ya ɗiga alamomin, ya ja kibiya zuwa ga jaririyar. Kai ya juyo sumul, har da murmushi. Ya yi murna ƙwarai. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: kuncin hagu ba ya cikin hoton, to daga ina na'urar ta samo shi? Ya bar shi haka.

Ranar Asabar Saudatu ta zo da ƙurar hanyar Kebbe a mayafinta. Ya ba ta kujera ya kunna. Ta kalla har ya ƙare, sannan ta ja baya.

"Wagga ba ita ba ta."

"Mi kig gani?"

"Inna na da tsaga ukku ga kuncin hagu. Wagga kuncinta sumul. Kuma ba haka taka murmushi ba." Muryarta ta yi ƙasa. "Wata ta ka kallona, Baba. Ko ga na'ura ta ƙi."

Kunya ta kama Arzika, da tausayi. Amsar tambayarsa ke nan: abin da na'urar ba ta gani ba ƙirƙirowa take yi, kamar mai ba da labarin garin da bai je ba. Saudatu ta miƙa hannu a ba ta hotonta. Ya ce ta ɗan dakata, yana so ya ga inda fuskar gaskiya ta ƙare da inda ƙaryar ta fara. Ya cire alamomin duka, ya ƙara girman fuskar, ya sake ƙarawa, har idon dama ya cika rabin allon.

A takarda idon bai wuce ƙwayar gero ba, shi ya sa babu wanda ya taɓa lura, har shi da ya ɗauka. Fuskar Marka tana kallon labule, amma baƙin idon ya gangaro can ƙurya, ƙasa-ƙasa, daidai inda kan jaririyar yake. Ta bari sai da kowa ya mai da hankali ga mai kyamara, sannan ta saci kallonta.

A cikin ƙarin akwai wani ɗan motsi da ya raina tun farko, wanda ba ya taɓa fuska, sai dai ya matso da hoto a hankali kamar mutum yana takowa kusa. Shi ya zaɓa. Ya sa ya fara daga cikakken hoton, da labule da furen roba, ya tafi sannu sannu ya tsaya a kan idon, daga nan ya bi inda idon ya nufa ya sauka a kan jaririyar. Ya kunna ya matsa gefe.

Saudatu ta kalla. Da hoton ya iso kan idon, ta sa gefen mayafi ta rufe baki.

"Ashe tana kallona," ta ce.

Hawaye suka zo mata, kuma ba ta iya kuka a gaban dattijo ba. Ta kau da kai wajen ƙofa kamar mai duban masu wucewa. Arzika, da ya shekara kusan hamsin yana karanta fuskoki, ya ga inda baƙin idonta ya gangara. Ya sake kunnawa daga farko.