Hadarin Kalandar Baba

Duk wanda ya taɓa shiga zauren gidanmu a Kademi ya san hoton nan. Shafin kalanda ne da wani mai sayar da kayan babur a Gaya ya ba Baba, zanen mutanen Japan: fadama shimfiɗe, dutse a can baya, manoma uku da malafa suna tafe a kan kunya.

Shekarar kalandar ta wuce, wasu ashirin suka bi bayanta, Baba bai sauke shi ba. Da bazara ta yi nisa sai ya tsaya gabansa yana faɗa, wai ga hadari ya haɗu ja wur irin na gabas, su kuwa ko iri ba su ɗauko ba. Wallahi nasihar da ya yi wa manoman nan uku, mu 'ya'yansa tara ba mu sami rabinta ba.

Wata damina bangon zauren ya zube, hoton ya bi shi.

Bara ƙafa ta kwantar da Baba, gona ta gagara. Ran nan ya ce mini yana kewar mutanensa. Na ɗauka abokansa da suka rasu yake nufi, har na fara addu'a, ashe na kalanda ne.

Kwana uku ina tonon waya. Na ga duwatsun Japan har na kusa fara jin yaren mutanen can, sannan na sami hoton. A nan na karanta cewa na asalin a jikin katako ake sassaƙa shi, kowane launi da allonsa, a danna wa takarda da hannu. Nawa kuwa inji ne ya tofo shi cikin minti biyu a shagon buga katin biki, yana ta ƙyalli.

Baba ya daɗe yana kallo, ya shafa malafar na gaba da yatsa.

"Mutanen dai su ne," in ji shi. "Amma wa ya kore musu hadari?"

Sararin shuɗi ne tas. Inna ta leƙo ta yi dariya, ta ce ai haka tsohon yake ranar da aka kawo shi, hayaƙin wutar da Baba yake hurawa a zaure lokacin sanyi ne ya rina shi. Baba ya ce shekara saba'in yana noma, ba za a koya masa bambancin hadari da hayaƙi ba. Ya miƙo mini takardar, ya juya fuska bango.

Na rataye ta a madafin Inna, daidai saman murhu, na roƙe ta ta riƙa sa ɗanyen itace. Duk Juma'a in na taso daga wurin aiki a Ajingi, sai na fara leƙa madafi kafin in shiga gaida Baba. Wata takwas ke nan, gefen dutsen ne kawai ya ɗan yi ja. Baba kuwa kowane mako ƙara sauƙin ɗagawa yake in zan gyara masa matashi.

"Ya haɗu?"

"Yana haɗuwa, Baba."

"To, ka ce su ɗauko iri."